Kalma Ta Ɗari Biyu Da Sha Bakwai

Ƙarfe takwas, hawa na biyar, a Guangzhou,
fanka na kwasar zafi daga wannan kusurwa ta kai wancan.
Na rubuta tang sau huɗu a allo,
na ɗora wa kowacce hularta.
Ta farko a miƙe take sambal: miya.
Ta biyu ta hau tudu: sukari.
Ta uku ta durƙusa, ta yunƙura: kwanciya.
Ta huɗu ta faɗo kamar tasa daga kan kanta:
zafin da ke ƙona harshe.

Yerzhan, mutumin Kazakistan, ya ce jiya a kanti
sukari ya roƙa, aka miƙo masa ludayi.
Aji ya tuntsire. Na ce, maimaita.
Na ɗaga yatsa ina shata wa muryarsa hanya a iska.
A kan wannan ake ba ni maki,
awa sittin na gwajin koyarwa.

Da dare ni ce ɗaliba.
Kundin digirina na biyu a kan harshen kakata yake,
na Chaozhou, mai karin sauti takwas.
Huɗun makaranta na haddace tun ina sa kayan firamare,
nata kuwa tsintarsu nake
kamar shinkafar da ta zube a tsakanin katako.

Bara na je mata da na'urar ɗaukar murya
da jerin kalmomi ɗari uku.
Na ce, Ama, ce "ruwa", sau uku, a hankali.
Ta ce, ƙishirwa kike ji?
Ta tashi ta hura gawayi,
ta jera ƙananan kofuna uku, ko da yake mu biyu ne.
Na ce, ce "gishiri". Ta ce ya yi tsada.
Na ce, ce "miji". Ta yi shiru,
na'ura ta ɗauki shirun, daƙiƙa goma sha ɗaya.

A kalma ta ɗari biyu da sha bakwai ta ce bakinta ya gaji,
mu bari sai gobe.
Gobe tikitin jirgin ƙasa ke aljihuna.
Na ce, sai hutun sabuwar shekara.
Hutun ya zo ya tarar da kujerarta an jingine da bango.

Farfesa Kuang ya ture tabarau bisa goshi:
Zhuang Peiling, bayananki da saura.
Nemi wata tsohuwa, ƙauye ɗaya, sa'arta.
Ki yanke tarin nan, da kukan agwagwa,
da ƙarar tafasar ruwa. Ba bayanai ba ne.
Gaskiya ya faɗa.
Na rubuta "to" a gefen takarda.

Yanzu ƙarfe biyun dare,
abokiyar ɗakina na minshari a gadon sama,
kwamfuta na mayar da muryar Ama zare shuɗi,
yana hawa, yana gangara,
yana tsinkewa inda numfashi ya ƙare.
A minti na arba'in da ɗaya
akwai abin da ba ya cikin jerina:
sunan da take kirana da shi tun ban yi haƙori ba,
da kuma, sha kafin ya huce.
Na auna shi. Ya ba ni lambobi masu kyau.
Ban san babin da zan sa shi ba.

Tarin dai yana nan. Ban yanke ba tukuna.

Da safe Maricruz, mai sayen yadi ta aika Lima,
ta ɗaga biro: Malama, wanne ya fi wuya?
Na juya ga allo, alli ya karye a hannuna.
Na uku, na ce.
Sai murya ta sauka har ƙasa,
sannan a ce mata ta taso.
Ku biyo ni. Tang.
Baki goma sha huɗu suka sauka tare.
Rabinsu suka taso.